Goro Ɗari Biyu Sun Isa Shaida: Yadda Ake Gwada Magana da Ƙididdiga

Kawuna ya haura shekara talatin yana sayen goro a Kumasi, ya ɗaure a huhu ya tura Arewa. Bai taɓa zama ajin boko ba. Amma da na fara koyar da ƙididdiga a sakandare, sai na tarar rabin abin da ke cikin manhajar na riga na gan shi a ƙofar sitonsa a Aboabo, sunan abin ne kawai ban sani ba.

Mutum zai sauke kaya daga ƙauyukan kurmi, a gaisa, a tambayi hanya da iyali, sannan ya ce, "Alhaji, wannan kaya tas ne. In ka samu sankara, ba za ta wuce biyar a ƙwarya ba." Ƙwarya goro ɗari ce, wato dai yana nufin kashi 5 cikin 100. Kawu ba ya musu, ba ya kuma cewa ya yarda. Sai ya dubi yaro ya ce, "Kai, kwance mini wancan na can ƙarshe." Ya yaye ganyen, ya cusa hannu har gwiwa, ya ɗebo daga gindin kwando, ya baza a faifai, ya shiga juya su ɗai-ɗai yana neman ɗan hujin nan da ƙwaro ke bari. Wanda ya yi wa shakka sai ya ɓare shi da farce.

Abin da Kawu ba ya iya faɗa maka shi ne guda nawa zai gani kafin ya ce maganar mai kaya ba ta tsaya ba. Ido da gogewa ke yi masa aiki. Mu da ba mu da shekara talatin a sito, lamba za mu sa wa abin. Da wannan goron za mu bi tun daga farko har ƙarshe, domin ɗalibin da ke shirin WASSCE, da wanda ya shiga shekarar farko a jami'ar KNUST ta Kumasi aka jefa masa H0 da z da p, da ɗan kasuwar da ke son sanin lokacin da ya kamata ya ce "albarka".

Mataki na 1: Rubuta magana kafin ka taɓa kaya

Maganganu biyu ake rubutawa. Ta farko ita ce maganar asali, wadda littafi ke sa wa alamar H0: sankara kashi 5 ce cikin 100, wato rabon masu sankara, wanda ake rubutawa p, shi ne 0.05. Ta biyu ita ce zarginka, H1: ta fi haka, p ya wuce 0.05.

Duk wanda ya yi karatun fiƙihu a makaranta ya san tsarin. Asalin mutum kuɓutacce ne, mai ƙara shi ke kawo shaida. To mai kaya yana kan maganarsa har sai goron da ke hannunka ya rushe ta. Kai ne mai ƙara.

A nan kuma za ka yanke abubuwa biyu: guda nawa za ka duba, da kuma iyakar da in an tsallake ta za ka ƙi maganar asali. Al'ada ta tsaya a kan 0.05, ma'ana ka yarda ka zargi mai gaskiya sau 5 a cikin 100, ba fiye ba. Wannan lamba ba wahayi ba ce. Ronald Fisher, masanin ƙididdiga na Ingila, ya ga ta yi masa sauƙin aiki a 1925, mutane suka bi. In abin ya shafi rai, kamar gwajin magani, ana iya matse ta zuwa 0.01. Abin da ba a yi shi ne ka ga sakamako tukuna sannan ka zaɓi iyakar da ta dace da son ranka. Mu mun tsayar: goro 200, iyaka 0.05.

Mataki na 2: Ɗibar samfuri, inda aka fi yin ɓarna

A ce kayan kwando ashirin ne, goro kusan dubu ashirin. Wannan ita ce jimla, abin da kake son sanin halinsa. Ɗari biyun da za ka duba su ne samfuri.

Kowane mai kaya, ko mai tsoron Allah ne, manya masu sheƙi yake jerawa a sama. Ba lallai ha'inci ba ne, haka hannu ke yi. In ka ɗebi samfurinka daga saman, ko goro dubu biyar ka duba, labarin sama kawai za ka ji. Yawa ba ya wanke wannan. A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshin mutane sama da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa takarda ta samo su ne galibi daga littafin masu tarho da rajistar masu mota, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka ga dama ne kawai suka amsa. Saman kwando ta ɗiba.

Ƙa'idar ita ce kowane goro a cikin jimla ya zama yana da damar shiga hannunka daidai da ɗan'uwansa. A aikace ga yadda za ka yi. Sa wa kwandunan lamba da alli, 1 zuwa 20. In lokaci ya ba ka, ɗebi goma-goma daga kowanne. In bai ba ka ba, rubuta lambobin a guntayen takarda, zuba a hula, girgiza, sa yaro ya ciro goma, ka ɗebi ashirin-ashirin daga waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa. A kowane kwando raba ɗibarka uku: sama, tsakiya, gindi. Kada ka duba lokacin da kake cusa hannu, domin ido na jan hannu zuwa ga abin da zuciya ke nema. Mai neman ragi hannunsa kan faɗa kan ruɓaɓɓe, mai son cinikin ya faɗa kuwa hannunsa sai mai kyau.

Ka kuma tsayar da abin da za a kira "mai sankara" tun kafin a fara ƙirga. Huji kawai? Ko har da wanda ya yi tabo? In ba a yi wannan ba, rigima ce za ta ci yinin.

Ɗalibai kan tambaye ni, "Malam, 200 cikin dubu ashirin ba su yi kaɗan ba?" Dubi mai koko a bakin titi da asuba. Ko ƙaramar tukunya ce ko babbar roba, ludayi ɗaya take ɗanɗanawa ta san ko tsami ya ji, muddin ta dama sosai. Girman ludayin da kyan damun su ne abin lura, girman tukunya bai cika shiga lissafi ba. Sharaɗin kawai shi ne kada samfurin ya wuce kashi goma cikin ɗari na jimla, in dai da sauƙin lissafin da ke tafe za ka yi aiki. Namu kashi ɗaya ne.

Haka lamarin yake in mutane za ka tambaya. Ɗalibar da ke binciken yadda matan unguwar Asawase ke amfani da MoMo, wato tura kuɗi ta waya, in ta tura tambayoyinta ta WhatsApp, ta riga ta zubar da duk tsohuwar da ba ta da babbar waya. In ta tsaya a kasuwar Kejetia da hantsi, 'yan kasuwa za ta samu, ba matan da ke cikin gida ba.

Mataki na 3: Ɗan lissafin yiwuwa da ba makawa sai da shi

Yiwuwa lamba ce tsakanin 0 da 1. Sifili na nufin ba zai faru ba, ɗaya na nufin ba makawa. Ba duba ba ce, ba kuma leƙen gaibu ba. Ba ta gaya maka goron da za ka ɗauko yanzu lafiyayye ne ko a'a. Abin da take faɗa shi ne rabon da zai fito in an maimaita abu da yawa. Wani malamin lissafi, John Kerrich, da yake tsare a Denmark lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya jefa kwabo sau 10,000, fuska ɗaya ta fito sau 5,067. Ba rabi cif ba, amma dab da rabi.

Ƙa'idoji biyu sun ishe mu. Ta farko, yiwuwar abu da ta kishiyarsa in an haɗa su 1 ne. In sankara 0.05 ce, lafiya 0.95 ce. Ta biyu, in abubuwa ba su rataya da juna ba, yiwuwar su faru tare ita ce a ninka su.

Gwada ka gani. In mai kaya ya yi gaskiya, yiwuwar ka ɗebi goma duk su fito tas ita ce 0.95 a ninka da kanta sau goma, wato kusan 0.60. To in ƙarya yake, sankarar kashi 10 ce? 0.9 sau goma ya ba da 0.35. Ko kashi 20 ce, ɗaya cikin biyar ruɓaɓɓe, har yanzu akwai 0.11. Ke nan wanda ya damƙi goma ya ga lafiya ya biya kuɗi, bai san komai ba tukuna. Sai ka duba wajen 60 a jere ba ka ga ko ɗaya ba kafin ka iya cewa sankara ba ta kai kashi 5 ba, domin 0.95 sau sittin ya sauko zuwa 0.046.

Kan rashin rataya da juna, bari in ɗan ratse. Kowa ya ga allunan da masu loto ke cikawa da lambobin makonnin baya suna "nazari". Ana ciro lamba 5 ne cikin 90, kuma injin ba ya tuna abin da ya fitar jiya. Yiwuwar lambobi biyun da mutum ya zaɓa su fito tare ita ce 10 cikin 4,005, kusan ɗaya cikin 400, ko ya kwana yana nazarin allo ko bai kwana ba. Ban da haramcin, ga lissafin.

Mataki na 4: Fahimci lilon samfuri

Nan ne zuciyar darasin, kuma nan ɗalibai suka fi ɓacewa, don haka zan daɗe.

In da gaske sankara kashi 5 ce, a cikin 200 muna sa ran 10. Amma yiwuwar ka samu 10 cif ba ta wuce 0.13 ba. Sau da yawa 8 za ka gani, ko 12, ko 7. Kaya ɗaya, gaskiya ɗaya, amma kowace ɗiba da abin da take fitarwa. Wannan kai-komon nake kira lilon samfuri.

A aji nakan yi shi da wake. Gwangwanin madara 19 na farin wake, gwangwani 1 na jan wake mai girma ɗaya, a juye a babban kwano a cuɗanya. Kowane ɗalibi ya rufe ido ya ƙirga 200, ya faɗi ja nawa ya samu, ya mayar, a sake cuɗawa. Ni kuma na ja layi a allo daga 0 zuwa 20, duk lambar da aka faɗa in ɗiga alli a kanta, in an maimaita ta in ɗora wani ɗigon a sama. Goma na farko ba sa nuna komai, ɗigo nan ɗigo can. Kafin a kai mutum na arba'in siffa ta fara fitowa: tudu a kan 9, 10 da 11, yana gangarowa hagu da dama, kamar tsibin gero da aka zuba a tabarma. Nan take ajin kan yi tsit. Wannan tsibin shi ne rabe-raben samfuri: hoton duk amsoshin da ɗiba za ta iya bayarwa, da yawan fitowar kowacce.

Ka lura, tsibin ba hoton waken ba ne. Wake iri biyu ne kawai, fari da ja. Tsibin hoton sakamakon ɗibe-ɗibe ne. Abin mamakin da Abraham de Moivre ya fara ganowa a 1733, Laplace ya faɗaɗa a 1810, shi ne wannan siffa tana fitowa kusan ko mene ne ake ƙirgawa ko aunawa, muddin samfurin yana da ɗan yawa. Shi ya sa ba sai ka yi ɗiba arba'in ba. Ɗaya za ka yi, lissafi ya gaya maka faɗin tsibin.

Faɗin nan ana auna shi da abin da zan kira taku. Ga yadda ake samunsa in ƙirge ake yi: ninka yawan samfuri da p da kuma kishiyar p, sannan ka danna √ a kalkuleta.

200 × 0.05 × 0.95 = 9.5
√9.5 = 3.08

Taku ɗaya goro uku ne da ɗan ɗoriya. Siffar tsibin kuma tana da tsayayyen hali: kusan kashi 68 cikin 100 na ɗibe-ɗibe kan faɗa cikin taku ɗaya daga tsakiya, kusan kashi 95 cikin taku biyu, kashi 99.7 cikin taku uku. A wurinmu taku biyu shi ne daga 4 zuwa 16. Wanda ya samu 13 ya hau mai kaya da faɗa ya zalunce shi, domin 13 cikin gida take.

Kafin ka dogara da tsibin, duba cewa abin da kake sa rai ya kai 10 a kowane ɓangare. Namu 10 ne masu sankara, 190 lafiyayyu. Mun tsallake da ƙyar, kuma za ka ga tasirin hakan nan gaba kaɗan.

Alamar √ ɗin nan tana da wani darasi mai tsada. In kana son rage lilo da rabi, ba ninka samfuri biyu za ka yi ba, sai huɗu. Daga 200 zuwa 800, daga 800 zuwa 3,200. Wahala na ƙaruwa da gudu, riba na ƙaruwa da rarrafe.

Mataki na 5: Yi gwajin

An juye, an duba, an samu 18 masu sankara cikin 200. Tambayar da za ka yi ɗaya ce, kuma ka riƙe lafazinta da kyau: in da maganar mai kaya gaskiya ce, sau nawa ɗiba za ta ba da 18 ko fiye?

Fara da nisan da aka yi daga tsakiya: 18 − 10 = 8. Mayar da shi taku: 8 ÷ 3.08 = 2.60. Wannan ita ce z. Buɗe jadawalin z da ke bayan littafinka, nemi 2.6, za ka ga 0.9953. Abin da ya rage a wutsiyar tsibin shi ne 1 − 0.9953 = 0.0047. Wannan ita ce ƙimar p, amsar tambayar nan, kuma daban take da p ɗin rabon sankara.

In kana da kwamfuta ko waya mai Excel ko Google Sheets, akwai amsa mafi daidai. Rubuta =1-BINOM.DIST(17,200,0.05,TRUE), zai ba ka 0.012. Bambancin ya zo ne daga abin da na faɗa ɗazu: goro ba ya zuwa rabi-rabi, kuma mun tsaya a bakin sharaɗi, don haka tsibin ya ɗan karkata dama. A jarrabawa bi jadawali. In kuɗinka ne a ƙasa, bi na kwamfuta. Duka biyun dai suna ƙasa da 0.05, saboda haka an ƙi H0. Da harshen kasuwa: in da kayan kashi 5 ne, irin wannan ɗiba sai kamar sau ɗaya a cikin tamanin.

Da 14 aka samu fa? z za ta zama 1.30, ƙimar p ta kwamfuta 0.13. Ta fi 0.05, ba a ƙi H0 ba. Kana ma iya fitar da iyakar tun kafin a kwance kwando: ga zargi mai fuska ɗaya irin namu, taku 1.645 ake ƙirgawa, 10 + 1.645 × 3.08 = 15.07. Wato daga 16 zuwa sama a ƙi, 15 zuwa ƙasa a bari. In zarginka mai fuska biyu ne, kana cewa abin ya bambanta ko sama ko ƙasa, taku 1.96 ake ɗauka ta kowane gefe.

Mataki na 6: Kada ka faɗi abin da lambar ba ta faɗa ba

Ƙimar p ta 0.012 ba ta nufin yiwuwar mai kaya ya yi gaskiya 0.012 ce. Wannan kuskure har a rubutun manyan masu bincike ana tsintarsa, shi ya sa ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwar gargaɗi a kansa a 2016. Mun fara ne da ɗaukar maganarsa a matsayin gaskiya, muka auna yadda abin da muka gani ya yi baƙo a ƙarƙashinta. Ba ta kuma ce mutumin maƙaryaci ne ba. Wataƙila lokacin da ya ɗaure kayan a ƙauye kashi 5 ɗin ne, ƙwaro ya yi aikinsa a hanya.

Haka nan in ba a ƙi H0 ba, ba a tabbatar da ita ba. Alƙali ya sallami mutum don shaida ba ta isa ba, wannan daban ne da cewa an ga bai yi ba. Rubuta "ba mu sami isasshiyar shaida ba", kada ka rubuta "mun tabbatar".

Kuskure iri biyu ke jiranka. Na ɗaya, ka zargi mai gaskiya. Shi ne muka ɗaure a 0.05. Na biyu, ka saki kaya mai matsala, kuma shi ne ba a cika yi wa lissafi ba alhali shi ke cin jari. A ce ainihin sankarar kashi 8 ce. Tsakiyar tsibin ta koma 16, daidai kan iyakarmu. Ke nan gwajin goro 200 zai kama ta ne sau ɗaya cikin biyu da ɗan ɗoriya, sauran ta wuce ka. In ka duba 800, iyaka ta zama 51, abin da ake sa rai a kashi 8 kuma 64 ne, za ka kama ta kusan sau 96 cikin 100. Wannan shi ne ƙarfin gwaji. Kayan da za su yi kwanaki a mota kafin su kai Kano ko Sakkwato, ƙwaro na yaɗuwa a ciki, sun cancanci ƙarin awa ɗaya a kan faifai.

Wani abu da nake gani a ayyukan ɗalibai: mutum ya gwada tambaya ashirin, ɗaya ta fito ƙasa da 0.05, ya ɗauke ta ya yi mata babi guda, ya binne sauran. Ai ko babu komai a ƙasa, ɗaya cikin ashirin za ta fito haka. Faɗi duk abin da ka gwada.

Mataki na 7: To nawa ce sankarar?

Gwaji ya ce ta wuce 5, amma ciniki na bukatar lamba. Samfuri ya ba da 18 ÷ 200 = 0.09. Takunsa a wannan karon shi ne √(0.09 × 0.91 ÷ 200) = 0.020. Ƙara taku 1.96 sama, rage shi ƙasa, wato 0.04 kowane gefe. Tazarar amincewa ta kashi 95 ta kama daga kashi 5 zuwa kashi 13. Ma'anarta, wannan hanya in an yi ta maimaitawa tana kama gaskiya sau 95 cikin 100. Ni na fi son tazara a kan ƙimar p, domin tana nuna girman abu da girman jahilcinmu a lokaci guda.

Da ita za ka karanta ƙuri'ar jin ra'ayi da ake yayatawa a rediyo gab da zaɓe. Ga hanyar gaggawa: raba 1 da √n, inda n ke nufin yawan samfuri. Mutum 1,000 na ba da kusan maki 3 sama ko ƙasa, ko ƙasar mutum miliyan 30.8 ce kamar yadda ƙidayar Ghana ta 2021 ta nuna, ko ta fi haka. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Ghana na 2008, Atta Mills ya samu kashi 50.23, Akufo-Addo 49.77, har sai da aka jira mazaɓar Tain. Babu samfurin mutum dubu da zai iya raba waɗannan biyun. Duk wanda ya ce ya hango, sa'a ya taka.

In abin na awo ne, ba na ƙirge ba

Hajiya mai sayar da wake da shinkafa tana zargin buhunan da ake kawo mata ba sa cika kilo 50 da aka rubuta a jiki. Matakan ba su canja ba, hanyar samun taku ce kawai ta bambanta. H0: matsakaicin nauyi 50 ne. H1: bai kai ba. Ta zaɓi buhu 16 da ƙuri'a ta ɗora a sikeli, bayan ta tabbatar sikelin kansa ba ya cin awo.

Haɗa nauyin duka ka raba da 16, a ce ya ba da 49.1. Sai bazuwar buhunan, wadda ake rubutawa s: cire 49.1 daga nauyin kowane buhu, ninka kowane bambanci da kansa, haɗa su, raba da 15 ba 16 ba, danna √. A Excel =STDEV.S ke yin wannan. A ce ya ba da 1.2. Taku shi ne s ÷ √n, wato 1.2 ÷ 4 = 0.3. Nisa kuwa 49.1 − 50 = −0.9, a raba da 0.3, ya zama −3.0.

Tunda samfurin ƙarami ne kuma bazuwar ma daga cikinsa muka ƙiyasta ta, ba jadawalin z za a buɗe ba, na t ne, wanda William Gosset ya fitar a 1908 yana ma'aikaci a kamfanin Guinness a Dublin, ya sa hannu da sunan "Student". Tsibin t ya fi faɗin wutsiya, yana neman shaida mai ɗan ƙarfi. Nemi layi na 15, wato n − 1, ƙarƙashin 0.05 mai fuska ɗaya, za ka ga 1.753. Namu 3.0 ya zarce, an ƙi H0. Amma kafin ka amince, jera nauyin 16 ɗin ka dube su da ido. In buhu ɗaya ne ya yage ya zubar da kilo goma, shi kaɗai ya ja matsakaicin ƙasa, kuma maganar ta zama ta mai ɗaukar kaya, ba ta mai awo ba.

Hajiya za ta kuma tambayi kanta ko kilo 0.9 ya kai a yi magana. A buhu ɗaya bai taka kara ya karya ba. In tana shan buhu goma a mako, kilo tara ke nan duk mako, sama da buhu tara a shekara.

Na taɓa kai wa Kawu takardar lissafin 18 cikin 200 ɗin nan. Ya sa tabarau ya dube ta a juye, ya miƙo mini, ya ce in gaya masa da Hausa. Na ce tsakanin biyar ne da sha uku a ƙwarya, tara ta fi kusa. Ya yi shiru, ya ɓare goro ya ba ni rabi, sannan ya kira mai kayan ya ce zai biya a kan goma, in kuma bai yarda ba a zauna a tsince kwando ashirin ɗin tas, ladan yaran a wuyan wanda maganarsa ta faɗi. Mutumin ya dubi kwandunan, ya dubi rana, ya ce a bar shi a goman.